Sayen Gidan Alfarma a Birni: Jagora ga Mutanen Gwandu da Kalgo

Dogon bene da ake yankawa sashe-sashe a sayar wa mutane daban-daban, kowa da ƙofarsa da makullinsa, ba abu ne da aka saba da shi a Gwandu ko Kalgo ba. A waɗannan garuruwa mai hali fegi yake saya, ya kewaye shi da katanga, ya yi zaure, ya gina ɓangarensa da na iyali, ya bar sarari domin 'ya'yan da za su tasa. Sai dai 'yan kasuwar shinkafa da albasa, da manyan ma'aikata, da 'yan siyasar yankin sun daɗe suna mallakar gidaje a wajen garuruwansu. Wasu a Birnin Kebbi suke saye, a GRA ko Gesse ko Gwadangaji. Wasu a Sakkwato da Kano. Waɗanda suka fi ƙarfi kuwa a Abuja, inda ake samun ainihin irin wannan sashen bene da ake kira fulat, a Maitama da Asokoro da Wuse II da Jabi da Guzape. Kalgo ma kanta ta canja. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda ta fara aiki a Kalgo kafin a gina mata mazaunin dindindin a Unguwar Jeji, ga kuma babban asibitin jiha da ke garin, filayen bakin hanya suka yi daraja, aka shiga gina gidajen haya irin na zamani domin malamai da likitoci.

Ko a ina gidan yake, hanyar sayensa kusan ɗaya ce, kuma mafi yawan asarar da ake yi tana zuwa ne daga abin da ido ba ya gani ranar da dillali ya kai mutum kallo. Tayil da fenti da fitilun falo kowa yana iya ganinsu. Takarda, da ruwa, da haƙƙin magada, sai an bincika.

Abin da ake saya a doka

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Wanda ake kira mai gida haƙƙin zama da amfani yake riƙe da shi, galibi na shekara 99 idan wurin zama ne. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar ta gaji mafi yawan ƙa'idojinta daga Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. Tun kafin zuwan Turawa ma malaman Gwandu sun ɗauki maganar ƙasa da muhimmanci: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa.

Dokar 1978 ta raba haƙƙin gida biyu. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, wanda shaidarsa ita ce satifiket ɗin da kowa ya sani da C of O. Akwai kuma na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da gwamna bai ayyana su a matsayin birni ba. Saboda haka wanda zai sayi wuri a gefen Kalgo ko a Gwandu, tambayarsa ta farko ita ce a wane rukuni wurin ya faɗa. Takardar ƙaramar hukuma a kan filin da ya riga ya shiga cikin iyakar birni ba ta da ƙarfin da mai ita yake zato. Haka nan takardar mai unguwa ko ta hakimi ko ta uban ƙasa: tana da amfani ƙwarai wajen tabbatar da tarihin wuri da sanin wanda ya gada, kuma babu mai hankalin da zai raina ta, amma ba ta maye gurbin takardar gwamnati.

Sashe na 22 na dokar ya hana mai haƙƙi irin wanda gwamna ke bayarwa ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. A Abuja kuwa ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Abuja ne ke bayarwa kuma shi ke amincewa. Mutane da yawa sun yi asara a can saboda sun sayi filayen da ƙananan hukumomin yankin suka raba ko waɗanda masu unguwanni suka sayar, daga baya aka ce musu takardun ba su da tushe.

Zaɓen unguwa

Unguwa mai hada-hada tana da daɗi ga mai neman haya, tana kuma da wahala ga mai neman barci. Titin Aminu Kano da titin Adetokunbo Ademola a Wuse II an tsara su ne da gidajen zama masu yawa, amma yau bankuna da kantuna da wuraren cin abinci da gidajen rawa sun cika su. Fulat a irin wannan wuri ba ya rasa ɗan haya, sai dai magidanci mai mata da yara ƙanana zai yi kyau ya je wurin da tsakar dare a ƙarshen mako kafin ya yanke shawara. A Birnin Kebbi abin bai kai haka ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: a ziyarci unguwa da safe, da rana tsaka, da bayan isha, a ga inda masallaci yake, a ji ko akwai injin niƙa ko wurin biki a bayan katanga, a tambayi maƙwabta awa nawa suke samun wuta. Kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke kula da Jihar Kebbi, kuma layi ya bambanta da layi; gida biyu da titi ɗaya ya raba suna iya bambanta a hasken da suke samu.

Maganar ruwa ita ce ta fi komai a wannan yanki, ta fuska biyu. Ta farko ruwan sha: shin famfon gwamnati yana zuwa, ko rijiyar burtsatse aka dogara da ita, zurfinta nawa, kuma tana ja baya a watan Afrilu? Ta biyu ambaliya. Birnin Kebbi da Kalgo suna gefen fadamar da Gulbin Sakkwato ke bi, wanda ruwan Rima ke haɗuwa da shi, ga madatsun Goronyo da Bakolori a sama. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta karya gadoji, ta rusa gidaje. Filin da ke da araha fiye da na kusa da shi sau da yawa hanyar ruwa ce. Dillalai sun fi son nuna gida da rani. Mai saye ya fi kyau ya gan shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Idan ciniki ba zai jira damina ba, sai a duba gindin katanga a nemi layin da ruwa ya bari, a kuma tambayi tsofaffin unguwa inda kwari yake kafin a yi gine-gine.

Akwai kuma wuraren da gwamnati ba ta yarda a yi gini ba ko da an sayar: ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, irin waɗanda suka taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi da waɗanda suka wuce Yamai, da gefen babbar hanya da aka ware domin faɗaɗawa, da filin makaranta ko maƙabarta ko burtali.

Dillali da la'ada

Dillali mutum ne mai amfani, shi ya san gidan da za a sayar tun kafin a sa alama, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai faɗi aibin gida ba. Abin da aka fi ji a matsayin la'ada shi ne kashi 5 cikin 100, a wasu wurare har 10. A yanke ta tun farko, a san wanda zai biya, a kuma san dillalai nawa ne a cikin maganar, domin gida ɗaya yakan bi ta hannun mutum huɗu kowa ya ɗora nasa a kan farashi. Maganin wannan shi ne mai saye ya dage sai ya zauna da mai gida ido da ido, ya ga katin shaidarsa, ya gwada sunan da wanda ke jikin takarda. Idan aka ce mai gidan yana Saudiyya ko Dubai kuma wani ne ke wakiltarsa, sai a nemi takardar wakilci, a kuma yi magana da shi kansa. A Abuja, inda kamfanoni ne ke sayar da fulat, ana duba rajistar kamfanin a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a ga daraktocinsa, a ga ko ya jinginar da kadarorinsa.

Binciken takardu

Wannan aikin lauya ne, kuma lauyan mai saye, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Zai karɓi kwafin satifiket ya rubuta takardar neman bincike. A Kebbi ana yin haka a ma'aikatar filaye da gidaje da hukumar bayanan filaye ta jiha, KEBGIS. A Abuja kuwa a takwararta, AGIS. Binciken zai nuna sunan wanda fayil ke ɗauke da shi, da girman fili, da abin da aka ba shi domin yi, da ko an jinginar da shi a banki, da ko an soke shi, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Wannan bashi ba ƙaramin abu ba ne: a 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye masu yawa a manyan unguwanni saboda an shekara da shekaru ba a biya ba.

Bayan lauya sai safiyo mai rajista. Zai je wurin da na'urarsa ya nemo duwatsun iyaka, ya gwada lambobinsu da na taswira. Yakan faru takarda ta zama ta gaskiya amma ta wani fili ce daban, ko katanga ta ci ƙafa goma na maƙwabci. Unguwannin awon igiya, waɗanda masu gona suka yanka da kansu ba tare da tsarin hukuma ba, su suka fi wannan matsala, kuma su ne gwamnati ke fasa wa hanya ta tsakiya idan ta tashi tsara gari. Sannan a nemi takardar izinin gini, wadda a Birnin Kebbi hukumar raya birane ta jiha, KUDA, ke bayarwa. A gwada abin da aka amince da shi da abin da aka gina. Wanda aka ba izinin hawa biyu ya yi huɗu ya gina abin da hukuma ke iya rushewa, ko ya rushe da kansa.

Lauya zai kuma leƙa kotu ya ga ko akwai shari'a a kan gidan. Ga gidajen alfarma a Abuja akwai ƙarin hatsari, wato kadarar da hukumar EFCC ke bincike a kanta. A watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma.

Gidan gado

A Gwandu da Kalgo da tsofaffin shiyoyin Birnin Kebbi, babban gida mai fili a wuri mai kyau galibi na gado ne, kuma a nan ne rigima ta fi yawa. Babban wa ya sayar, ya ce sauran sun yarda, bayan shekara biyu ƙanwar da ke aure a Jega ko Yamai ta shigar da ƙara. Mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ya ga sunayen magada duka, maza da mata. Idan an raba kuma gidan ya faɗa rabon mutum ɗaya, da shi za a yi ciniki. Idan ba a raba ba, kowane magaji baligi zai sa hannu, marayu ƙanana kuma sai da izinin alƙali ta hannun waliyyinsu.

A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan mutum ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe kason daga hannun baƙon da ya saya. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, na abokin tarayya ne kawai, kuma wanda yana gari ya sani ya yi shiru har kimanin shekara haƙƙinsa yakan faɗi. Wanda zai sayi kaso a irin wannan gida sai ya sa sauran su rubuta cewa sun sani kuma sun yafe.

Duba gini

A tafi da injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da hannu a ginin. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga alama ce ta harsashi yana zama. Ƙananan tsagogin filasta ba su da wannan nauyi. Sabon fenti a gindin bango kaɗai yakan ɓoye danshi. A hau cikin silin a duba katako saboda gara da yoyo, a buɗe kowane famfo, a ga inda sokawe yake da nisansa da rijiya. Zafin wannan yanki yana wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, saboda haka ɗakin da manyan tagoginsa na gilashi suka kalli yamma, ko sashen da ke hawa na ƙarshe ƙarƙashin rufi, zai ci kuɗin sanyaya ɗaki fiye da sauran.

Abin da ya keɓanci fulat

Wanda ya saba da gidan ƙasa yana buƙatar ya fahimci cewa mai fulat ba shi da fili nasa shi kaɗai. Satifiket ɗin filin guda ɗaya ne, yawanci da sunan kamfanin da ya gina. Abin da ake ba mai saye takardar miƙa haƙƙi ce a kan sashensa, ko ta haya mai dogon zango. Tambayoyin da suka wajaba su ne: a hannun wa satifiket ɗin asali zai zauna, yana banki ko a'a, kuma ta wace hanya za a yi wa takardar mai saye rajista da sunansa? Idan kamfani ya ci bashi da filin ya kasa biya, banki zai iya bin ginin duka ko da masu sassan sun gama biyan nasu. Takardar rabo da kamfani ke bayarwa, da rasit, ba mallaka ba ne. Takardar wakilci ma, wadda ake yawan ciniki da ita a Abuja don guje wa kuɗin rajista, ba ta miƙa mallaka a doka.

Sai kuɗin hidima, wanda ake biya duk shekara domin masu gadi, da man janareta, da lif, da shara, da famfon ruwa. Wannan kuɗi ba ya ƙarewa kuma yana hawa da farashin dizal. A nemi lissafin shekarun baya a gani, a tambayi wanda ke da ikon ƙara shi, a san ko masu sassan suna da ƙungiya da ke iya sallamar kamfanin da ke kula da ginin. A kuma karanta dokokin zama da kyau. Wasu gine-ginen sun hana yanka dabba a harabarsu, sun iyakance yawan baƙi da motoci, sun hana sauya fasalin ɗaki. Ga mutumin da gidansa ba ya rabuwa da 'yan uwa daga gida, wanda kuma zai yi layya da suna da walima, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Haka tsarin ciki: mafi yawan fulat ƙofa ɗaya gare su da ke buɗewa kai tsaye cikin falo, babu zaure, babu hanyar mata daban. A wani ɓangaren kuma wasu masu sassan suna ba da nasu hayar kwana-kwana, sai ya zama maƙwabcin ƙofa yana canjawa kowane mako.

Kamfanoni da yawa suna sayar da fulat tun yana zane, da rangwame, a biya kashi-kashi. Malamai sun halatta irin wannan ciniki idan an fayyace siffa da farashi da lokacin miƙawa, amma idan ba a ɗaure shi da sharuɗɗa ba ya zama cinikin biri a sama. Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa kowane biya da matakin gini da injiniyan mai saye ya gani da idonsa, a rubuta tarar jinkiri da hanyar mayar da kuɗi, a kuma je a ga ginin da kamfanin ya taɓa gamawa a yi magana da mazauna cikinsa. Tsada da sunan unguwa ba su tabbatar da ƙarfin gini: benen alfarma mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, Legas, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da 40 tun ana cikin gina shi.

Ciniki da biya

Kafin tayi, a sa ƙwararren mai kimanta kadara ya faɗi darajar gidan, a kuma ji nawa aka sayar da makamancinsa a unguwar kwanan nan. Kuɗin da ake nema daban, wanda aka sallama daban. Idan aka daidaita, kafin alƙalami ba ya fita sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta ce za a mayar da shi in bincike ya nuna matsala. A biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takarda. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10, ga shi kuma shaidar banki ta fi kowace shaida ƙarfi a kotu.

Ma'aikacin da ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance daga Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30, ko da yake abin da ake bayarwa ba ya kai kuɗin fulat a Maitama. Masu gudun riba sukan nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, waɗanda ke sayen gidan su sayar wa mutum da riba sananniya ko su ba shi haya har ya mallaka.

Ranar biyan ƙarshe ake sa hannu a takardar miƙa haƙƙi a gaban shaidu, a karɓi takardun asali duka, da makullai, da rasit na wuta da ruwa da kuɗin ƙasa. Idan akwai ɗan haya a ciki, a san ranar da hayarsa za ta ƙare da wanda ya karɓi kuɗinta.

A nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa, alhali saura mataki mafi muhimmanci. Sai an kai takardar an nemi amincewar gwamna, ko ta minista idan a Abuja ne, an biya kuɗin hatimi da na rajista, an shigar da sunan sabon mai gida a fayil. Mai sayarwa ne doka ta ɗora wa neman amincewar, saboda haka ana sa shi ya sa hannu a takardar nema tun ranar biya, wasu ma sukan riƙe wani kaso na kuɗin har sai ta fito. Muddin ba a yi wannan ba, sunan tsohon mai gida ne ke rajistar gwamnati, kuma yana iya sake sayarwa ko jinginarwa, magadansa ma suna iya sa gidan cikin rabo bayan rasuwarsa.